Mi Garma Tac Ce?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Baba ya karɓi abinsa ranar wata Litinin da hantsi, ana tsaka da jiran ruwan shuka. Surukina nake nufi, mahaifin matata, wanda nake kira Baba tun ranar da na fara durƙusawa gabansa shekara goma sha tara da suka wuce. Shi ne mai masana'antar ƙera garmar shanu da ke bayan gidansu a Tudun Wada, cikin Gusau, inda nake aiki har yau. Kwana huɗu kacal ya yi a kwance.

Ban taɓa ganin jana'iza mai kaushin hannu irin tasa ba. Duk wanda ka miƙa wa hannu, kanta za ka ji. Manoman Bungudu sun zo mota guda, ƙafafunsu buɗu-buɗu, domin a wajen sharar gona labari ya iske su. Fulani sun zo daga rugage, suka jera sandunansu a jikin bangon masallaci. Wani dattijo cikinsu ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Shi kaɗai ne ɗan birnin da ya taɓa tambayata ko wuyan bijimina na ciwo." Daga nan ya sake ni, ya juya.

Maƙeran da muke gogayya da su a kasuwa ma sun zo, kuma rabinsu a rumfarmu suka koyi riƙon guduma. Ɗaya daga cikinsu, ƙato mai gemu, ya zauna yana kuka kamar mace ta rasa ɗan fari. Cewa yake, "Ya koya mini, na je na buɗe shago dab da nashi, kuma ko yaushe na dawo da tambaya bai taɓa hana ni amsa ba. Wane irin mutum ne wanga?" Kowa dai na ta kansa.

A rana ta biyu wani tsohon manomi ya iso daga Bilbis a bayan babur. Abokin Baba ne tun suna samari. Ya yi gaisuwa, ya nemi gefen tabarma ya zauna, ya tura wani ɗaurarren buhu ƙarƙashin ƙafarsa. Da wani ya zo wucewa ya yi tuntuɓe da buhun, na ji ƙarar da ke ciki. Na san kukan ƙarfenmu ko cikin barci. Tsohon bai buɗe buhun ba, ni ma ban tambaya ba, amma saboda abin da ke cikinsa nake wannan rubutu.

Masu wa'azin zaman makoki sun ce Baba mai sallah ne, mai kyauta, mai zumunci. Duk gaskiya ne. Amma wannan yabo kusan kowane mamaci na samunsa, kuma in an bar Baba a nan, shekara biyar ta isa a mance shi. Ni abin da ya gina nake so a tuna, kuma ba rumfar kwano ko injin walda nake nufi ba.

Maƙerar fartanya da lauje ya gada wajen mahaifinsa. Shi ya mayar da ita wurin ƙera garmar shanu, har ta kai mutum ashirin na cin abinci a ciki, kusan duk dangi: 'ya'ya, 'ya'yan ƙanne, surukai irina. Yakan ce wahalar sana'ar gida ɗaya ce, duk wanda ya ɓata aiki yayan wani ne ko kawun wani. Mu kuwa mutane ne masu kunya. Ƙarami ba ya duban babba ya ce ka yi kuskure. Sai kowa ya gani, kowa ya kau da kai, baɗi a sake ɓata aikin a wuri guda.

Ga dabarar da ya fito da ita. Kowace Alhamis da safe, kafin a kunna wuta, ana shimfiɗa tabarma a tsakiyar rumfa. Duk garmar da manomi ya maido don ta karye ko ta ƙi tafiya daidai, a kan tabarmar ake ɗora ta. Sai Baba ya tsuguna ya gaishe ta kamar baƙuwa. "Sannu da hanya. Mi anka yi miki?" Sannan ya juyo gare mu ya ce, "To, jama'a, mi garma tac ce?" Daga nan kowa na da izinin magana, amma da bakin garma. Mai shekara ashirin sai ya ce, "Garma ta ce an yi mini walda cikin gaggawa," ga kawunsa da ya yi waldar a zaune, kuma babu wanda aka ci wa fuska. Garma ce ta faɗa, wa zai yi fushi da ƙarfe?

Ranar da na fara ganin wannan, wallahi na zaci tsohon ya fara taɓuwa. Dariya ta kuɓuce mini. Ya ɗago kai ya ce, "Kai, surukin gida, baƙuwa kake wa dariya? Taho ka ji mi tac ce." Ya ɗora mini ita a cinya. Na juya ta, na sake juyawa, ban ji komai ba sai nauyi. Ya kama yatsana ya bi da shi ta inda ƙarfen ya karye. "In karaya ta yi laushi kamar garin tuwo, ƙarfe ya samu abin da yake so, wani abu daban ya karya shi. In ta yi tsaki-tsaki tana ƙyalli, wuta ta yi mishi yawa." Na yi shekara uku a makarantar koyon sana'a, babu malamin da ya taɓa sa yatsana a kan karaya.

Kowane bakin garma da ya fita daga rumfarmu yana ɗauke da alamar hannun da ya gama shi. Ta Baba ɗigo uku ce. Ba don a kama mai laifi ake bugawa ba, in ji shi, don a san wanda za a zauna kusa da shi a sati mai zuwa. Kuma duk abin da garma ta faɗa, sai an rubuta. Da farko shi yake rubutawa da ajami, da na zo ya miƙa mini littafin ya ce in ci gaba da boko. Wace garma, wane ƙauye ta tafi, wace irin ƙasa, me ya same ta, me muka sauya. A kan wani katako kuma akwai gwangwanayen madara jere, kowanne cike da ƙasar wani gari. In manomi ya zo saye, kafin a yi maganar komai sai Baba ya sa shi ya nuna gwangwanin da ya yi kama da gonarsa. Ta bakin gulbin Bungudu laka ce mai danƙo, garmarta na son faffaɗan kunnuwa. Ta wajen Tsafe tsakuwa ce da duwatsu, tana son baki gajere mai kauri.

Kada a zaci mutum ne mai sanyi. Kalma biyu ke tayar masa da hankali: "ba komai" da "haka muka saba". In ka furta ɗaya a gabansa, ka shirya tsayuwa. Kuma ya kafa doka cewa kowane maƙeri sai ya yi yini guda a bayan shanu kowace damina, yana riƙe da garmar da ya ƙera. Nawa yinin na farko a wata gona kusa da Kwatarkwashi aka yi shi. Shanun suka zabura, garma ta fizge ni, na sha ƙasa har cikin hanci. Shekara goma sha tara Baba bai bar ni na huta ba. Ko baƙo ya yi sai ya nuna ni ya ce, "Ga malaminmu na boko, shi ne garma ta yi wa huɗa." Amma daga faɗuwar nan muka gane hannun garmarmu ya yi wa dogon mutum gajarta, muka ƙara masa tsawo.

Bafulatanin nan da ya riƙe hannuna a makoki, shanunsa aka kore wata shekara, aka bar shi da bijimi ɗaya tak. Garmarmu kuwa ta shanu biyu ce. Ya zo rumfa ba don saye ba, don dai ya samu inda zai zauna ya faɗi abin da ke ransa. Baba ya saurare shi har ya gama, washegari ya hau babur ya bi shi ruga. Kwana uku yana zuwa yana dawowa, yana auna ƙirjin bijimin da igiya, yana shafa wuyansa. Ya ƙera masa 'yar garma marar nauyi wadda sa ɗaya zai ja. Ta farko ta ƙi, ta biyu ta goge wa dabbar wuya, ta uku ta tafi. Duka ukun suna cikin littafi. Yau, da yadda zamani ya koma, masu neman irin wannan garma sun fi yadda kowa zai so yawa.

Babbar rigimar Baba da ƙanensa ya yi ta, wanda muke kira Baba Ƙarami. Shi ne gwanin ba bakin garma ƙarfi, kuma a ganinsa wannan sirrin gida ne, ba a rubuta shi, ba a koya wa bare, suruki ma bare ne. Ina tsaye ranar da ya buga littafin a kan benci ya ce, "Ka rubuta gadon ubanmu ka aje nan, kowane mai wucewa shi karanta?"

Baba ya ce, "Ka tuna gatarin da ubanmu ke yi, wanda ba ya dakushewa?"

"Na tuna."

"Ka iya shi?"

Baba Ƙarami ya kau da kai.

"Ni ma ban iya ba. Yana can cikin kabari tare da mai shi. Wanga shi ne sirrin da kake so mu ƙara?"

Maganar ba ta gyara komai ba. Baba Ƙarami ya kwashe kayan aikinsa ya koma Bungudu ya buɗe tasa maƙerar, suka yi shekara biyu ba su ci a kwano ɗaya ba. Duk da haka kowace kaka sai Baba ya sa na kwafe abin da muka koya a shekarar, a kai wa ƙanensa. Takardun su dawo ba a buɗe ba, baɗi ya sake aikawa.

Tun tafiyar ƙanensa, Baba ya zauna a kujerar wuta da kansa, kuma a nan ne shi ma ya bar wa kuskure ƙofa a buɗe. Ya koya wa kowa aikin, bai ɓoye komai ba, amma in lokacin aikin damina ya zo, awartakin ba ya barin hannunsa. Aikin kuwa na ido ne. Da sifirin tsohuwar mota, ƙarfen nan na ƙarƙashi da ke ɗauke da nauyinta, muke yin bakin garma. A sa shi a wuta har ya yi ja irin na goron da aka tauna, a zare shi a tsoma cikin baƙin mai. In aka bar shi ya wuce ja ya shiga ruwan ɗorawa, zai fito da kyan gani, ya yi tauri, amma dutsen farko da ya ci karo da shi zai ɓalle shi gida biyu.

Wata ɗaya da rabi kafin rasuwarsa muka yi aikin ƙarshe, baki arba'in da biyu, cikin kwana uku. Ni ke kan injin hura wuta, kafaɗata na gogar tasa. Ƙarfen farko ya yi ja, na jira ya zare. Bai zare ba. Ya wuce ja, ya fara ɗorawa, sannan ya ce bismillah ya tsoma. Na dube shi. Ya ƙanƙance ido, ya kai fuskarsa kusa da wuta fiye da yadda ya saba. Nan na gane. Yanar ido ce ta rufe masa gani, hasken da nake gani bai isa gare shi ba sai ya ninka.

Bakina ya yi nauyi. Yaya zan ce wa mahaifin matata, gaban 'ya'yansa da jikokinsa, idonka ya gaza? Na nemi bakin garma in ara, babu, domin garma ba ta magana sai ta karye ta dawo. Na gwada wayo, na rage iska a ɓoye. Ya ce, "Ƙara iska, surukin gida, yau ba a ba ka kalaci ba?" Aka yi dariya, ni ma na yi, na ƙara iska. Haka na tsaya kwana uku ina kallo, ina gaya wa kaina wataƙila ni ne ban gani daidai ba. Ƙarya nake wa kaina, kuma na san ƙarya ce. Aka buga ɗigo uku a kan kowanne, aka ɗaura a garmuna, manoma suka kwashe.

Bayan addu'ar uku, tsohon nan na Bilbis ya kira mu gefe, ni da babban ɗan Baba, wanda nake kira Yaya, wanda yanzu ragamar gida da ta rumfa ke hannunsa. Muka zagaya bayan rumfa. Tsohon ya kwance buhu. "Ku gafarce ni, ban so in zo da wanga cikin makoki ba. Amma marigayi ya taɓa rantsar da ni, duk garmar da tak karye in maido ta da kaina. An yi muna ruwa guda, munka gwada." Baki uku ne, nasa da na maƙwabtansa biyu, kowanne ya rabu biyu. Kowanne da ɗigo uku.

Yaya mutumin kirki ne, kuma ban san ɗan da ya so ubansa kamarsa ba. Ya ce wa tsohon, "Sifirin ne ba shi da kyau, Baba. Za a sauya muku." Da tsohon ya tafi, ya juyo gare ni. "Maganar nan ta tsaya nan. Ba za a ɗora wannan a tabarma ba. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

Na ce, "Yaya, saura talatin da tara a hannun mutane."

"Wanda tasa ta karye ya kawo a sauya masa."

Shi ma ya san abin da wannan ke nufi. Manomin da garmarsa ta karye ana tsakiyar huɗa, daga ƙauye mai nisa, ga hanya yadda take a yanzu, kafin ya zo Gusau ya koma danshi ya wuce, shekararsa ta tafi. Kuma in aka ɓoye wannan, tabarmar Alhamis ta mutu, domin kowa zai gane akwai wanda garma ba ta isa ta ambata ba. Duk wannan yana raina, amma me na ce? Na ce, "To, Yaya." Na sake yin shiru a karo na biyu. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Na gaya wa matata komai. Ta yi kukanta ta share, ta ce in je in ga Inna, mahaifiyarsu. Inna na cikin takaba, don haka daga bakin ƙofa na tsuguna, labule tsakaninmu. Ina cikin kame-kame ta katse ni.

"Idonshi ne, ko?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"Tun bara ni ke yanke mishi akaifa. In na aje kofi, sai ya lalubi gefe. Na ce mu tahi a duba, yac ce sai an gama aikin damina. Ni ma na yi shiru, ɗana. Tahi ka hwaɗi. In yayanka ya yi hushi, ka ce ni na aike ka."

Na gode mata, amma na ce ba zan ce ita ta aike ni ba. Na gaji da laɓewa bayan wani.

An buɗe rumfa bayan sadakar bakwai. Alhamis ɗin da ta biyo, hadari na ta haɗuwa ta gabas, na riga kowa zuwa. Na shimfiɗa tabarma da hannuna, na jera gutsattsarin nan shida. Ma'aikata suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gani ya tsaya cirko-cirko. Baba Ƙarami, wanda bai koma Bungudu ba tun makoki, yana zaune kan benci yana jan carbi. Yaya ya shigo, fuskarsa ta sauya.

"Wa ya ba ka izini?"

Na tsuguna gaban tabarma. Babu mai yin tambayar da aka saba, don haka na yi ta da kaina, na kuma amsa da kaina. "Garma ta ce an bar ni a wuta har na wuce ja. Ta ce idon da ya dube ni ya gaji." Rumfa ta ɗauki salati. Na ɗaga murya. "Ta ce kuma akwai wanda ya gani ya kama bakinsa." Sai na ji ba zan iya ci gaba da aron baki ba. Na ce, "Wannan ba sai garma ta faɗa ba. Ni ne. Ina tsaye kusa da shi kwana uku, na ga kowane ɗaya, ban ce uffan ba."

Yaya ya matso har ina jin numfashinsa. "Mutumin da ya ba ka 'yarsa, ya ba ka sana'a. Ka rasa ranar da za ka buɗe baki sai da ƙasa ta rufe shi?"

Na ce, "Gaskiyarka, Yaya. Na jira, kuma ga abin da jirana ya haifa. Shi ya sa ba zan ƙara jira ba. Ka kore ni in ka so, amma a karɓo sauran kafin ruwa ya zauna."

Baba Ƙarami ya aje carbi, ya taso da ƙyar, ya ɗauki guntu ɗaya ya fita da shi bakin rumfa wajen haske. Ya daɗe yana shafa karayar da babban yatsa. Da ya dawo, idonsa ya yi ja. "Tsaki ne," in ji shi. "Wuta ta yi yawa. Sifirin lahiya lau yake." Ya dubi Yaya. "Babu wanda ya yi faɗa da ubanka kan wagga tabarma kamar ni. Amma in kun naɗe ta yau don ta ambaci hannunshi, ba shi kunka kare ba, aikinshi kunka bizne tare da shi." Sannan ya juyo gare ni, yana harara kamar ni na yi masa laifi. "Kai, ina littahin nan naku? Ɗauko ka karanta mini inda sunka tahi, ni ban iya bokonku ba."

Na ɗauko na karanta. Duk suna ciki, gari da gari, gida da gida: ashirin da biyar a ƙasar Tsafe, sauran a ƙasar Bungudu. Yaya bai tsaya jin ƙarshe ba, ya fice. Muka zauna jiransa. Sai bayan azahar ya dawo, makullin a-kori-kura a hannunsa, bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Ku kunna wuta."

Kafin a kunna, muka rubuta doka biyu a littafi. Ta farko, awartaki ba ya kwana biyu a hannun mutum ɗaya, komai girmansa. Ta biyu, wanda ke tsaye kusa da mai riƙe da awartaki shi zai fara faɗin launin ƙarfe da babbar murya, kafin babba ya ce komai. Ta haka ƙarami ba musu yake yi ba, aikinsa yake yi.

Kwana biyar muka yi muna ƙera sababbi, Baba Ƙarami na zaune kusa da wuta yana faɗa da kowa. Sannan muka shiga rabo. Sai an yi waya an ji hanya lafiya, mu fita da hantsi, mu tabbatar la'asar ta same mu a kan kwalta. A yawancin gidaje Yaya cewa yake kawai an samu matsala, a kwance tsoho a ɗaura sabo. Amma a wani ƙauye bayan Bilbis muka haɗu da dattijon da ya ƙi. Ya rufe bakin garmar da tafin hannu ya ce, "Wanga shi ne aikin ƙarshe na hannun marigayi. Ba ni ba da shi. Hannunshi bai taɓa cutata ba."

Yaya ya ce, "Baba, karyewa zai yi. Idon mahaifina ya gaza a kansa. Da yana raye, da kansa zai zo ya karɓa." Dattijon ya janye hannunsa a hankali. Talatin da bakwai muka karɓo. Biyu har yau ba mu san inda suke ba, domin mun iske masu su sun tashi daga ƙauyukansu, kuma ban daina tambaya ba.

Tun ranar tabarma Yaya bai yi mini wata doguwar magana ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. Asabar ɗin da ta wuce layi ya zo kansa, ya ɗauki awartaki, ya waiwaya yana duban wanda zai tsaya masa. Ga ƙannensa, ga 'ya'yan kawunsa. Ya nuna ni da haɓa.

Na tsaya. Ƙarfe ya yi ja, wani ya kira shi kan wata magana, ya juya kai na ɗan lokaci, kafin ya dawo launi ya tafi. Ya ɗaga zai tsoma. Tsohon nauyin nan ya sake sauka a kan harshena, kamar bai taɓa tashi ba. Na ce a hankali, "Ya wuce."

"Ban ji ba."

Guduma ta tsaya, walda ta tsaya, kowa ya juyo. Na cika ƙirjina na ce, "Ya wuce, Yaya. Kada ka tsoma."

Ya dubi ƙarfen, ya dube ni. Ya aje shi gefe ya huce, ya miƙa awartaki ya ɗauko wani. Ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Haka za ka riƙa faɗi. Injin nan na da ƙara."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka da hannu mai kanta. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka mayar masa da hasken idonsa a inda ba ya dushewa. Ka ba Inna da 'ya'yanta haƙuri. Ni kuma ka yafe mini kwana ukun nan da na tsaya kusa da shi bakina a rufe.